Mutumin da Ke Duba wa Orval Hanya

Babana, Isidro Barrientos, bai taɓa cin maki ko ɗaya ba a shekara huɗun da ya yi yana buga wa sakandaren garinmu Dunlow ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu. Shi ke fara faɗin haka idan baƙo ya tsaya kallon hotonsa a bango, yana yaro da kwalkwali a hammata. Sai ya ƙara da cewa, “Ni aikina magana.” Mama ta yi dariya, don a duk yammacin Texas ba ta san wanda ya kai shi shiru ba.

Gaskiya kuwa yake faɗa. Idan za a buɗe wasa, ko an ci maki za a sake farawa, abokan karawa sukan doka ƙwallo sama ta yi nisa, mutum biyu namu suna can baya suna jiranta. Ɗaya ne zai cafe. Idonsa na sama yana bin ƙwallon tana juyi, ba ya ganin ƙarti goma sha ɗaya da ke tahowa a guje su kayar da shi. Na biyun ke gani. In ƙwallon ta faɗo cikin gida, wato filin da ke bayan layinmu na ƙarshe, mai cafewa yana iya durƙusawa da gwiwa ɗaya, a tsayar da wasa, a ajiye mana ƙwallo a yadi na ashirin. Yana kuma iya fitowa ya runtuma da ita. Amma ba shi ke zaɓa ba. Abokinsa zai ce “Zauna!” ko “Fito!”, da ƙarfi, sau uku, kafin ƙwallon ta taɓa hannu. Wannan ne aikin Baba. Wanda ke cafewa kuma Orval Tackett ne.

An haifi Baba a ɗakunan leburori da ke bayan injin gurzar auduga. Orval ɗan mai gonar da kakana ke wa aiki ne. Tun suna aji biyu suke tare, Orval na surutu, Baba na sauraro. Orval yana da gudu, yana da baki, ’yan mata na sonsa. Baba gajere ne mai faɗin kafaɗa, amma yana da ido. Mai horar da su ya ce yaron nan yana ganin inda hanya za ta buɗe tun ba ta buɗe ba, ya sa shi a gefen Orval, haka suka yi shekara uku.

Duk wanda ya tashi a Dunlow ya san labarin wasan ƙarshe na 1979. Muna da goma sha huɗu, abokan karawa suna da goma sha uku, saura minti uku. Suka doko ƙwallo. Orval ya cafe ta taku biyu cikin gida, ya ɗan tsaya, ya fito ya tsallake layi, ya ga ƙartin nan sun iso kansa, sai ya ja da baya ya durƙusa. Ƙaramin yaro ma ya san in ka fito da ƙwallo daga gida ba ka komawa da ita. Alƙalin wasa ya haɗa tafukansa bisa kai, ya ba su maki biyu. Aka tashi sha biyar da sha huɗu. Da mai horarwa ya tambayi Orval ko Isidro ya yi kira, sai ya ce, “Ya ce zauna. Ni ne ban ji da wuri ba.” Daga ranar sunansa ya koma Maki Biyu. Da shi aka kira shi ranar aurensa, kuma har ranar da aka binne matarsa Jolene an samu wanda bakinsa ya suɓuce.

Baba ya yi shekara goma sha tara a injin auduga, ƙura ta taɓa masa ƙirji, sai makarantar ta ɗauke shi mai kula da fili. Yana yanke ciyawa, yana ba ta ruwa, yana ja wa fili layuka da farin fenti. Duk abin da ke tsaye a harabar makarantar nan sai ya shafa masa wannan fentin, har turakun ƙarfe na bakin ƙofa inda yara ke jiran bas. Kowane Agusta kuma yakan roƙi mai horarwa ya bar masa yara biyun da ke jiran bugun buɗewa, minti ashirin bayan an tashi.

A nan kaɗai na taɓa jin Baba ya ɗaga murya. Ina ’yar shekara takwas Mama ta aike ni in kai masa abinci, na tarar da shi yana yi wa wani dogon yaro tsawa.

“Ban ji ka ba, Cody. Da wa kake raɗa, budurwarka?”

“Na ce fito, yallaɓai.”

“Ka faɗa wa takalminka. Shi wannan kansa na cikin kwalkwali, mutum ɗari biyar na ihu, uwarsa na kaɗa gwangwani. Sake.”

Dokarsa ɗaya ce. In ka yi kira ya zama kuskure, aka kayar da abokinka a yadi na takwas, sai ka je gaban mai horarwa da idon kowa, ka bugi ƙirjinka ka ce, “Ni na ce.” Shi ke nan, an wuce wurin. Amma yaron da ya yi shiru, Baba ba ya sake sa shi a baya. Mutanen gari suna cewa tsohon nan yana yi ne don kada a sake yin wani Maki Biyu. Ni ma haka na ɗauka.

Na dawo daga jami’a a Lubbock na kama aiki a ɗakin karatu na gari. A lokacin Orval ya ba da hayar gonarsa, ’yarsa tana Houston, shi kaɗai ke cikin gida da ciwon suga da wani tsohon kare. Kullum ƙarfe shida da rabi sai mu ji hon ɗin a-kori-kurarsa a ƙofar gidanmu, tazarar gida uku ce tsakaninmu. Baba ya ɗauki hularsa ya fita, su tafi shan kofi a shagon Darlene da ke tsallaken babban titi, mil huɗu daga gari. Da can kowa da motarsa yake zuwa. Mama ta ce wajen wata takwas ke nan da suka koma tafiya tare.

“Tsufa ne,” in ji ta. “Sun koma ’yan aji biyu.”

A watan Oktoba motata ta kwana biyar wajen makaniki. Orval ya ce in riƙa bin su, in sun gama kofi su sauke ni a wajen aiki. Na zauna a kujerar baya, kusa da karen.

“Auta ta zama babbar malama,” in ji Orval. “Isidro, ya aka yi ka haifi mai karatu? Kai da sai da na riƙa tura maka amsa a ƙarƙashin tebur.”

“Amsoshin ne suka sa na maimaita aji.”

“Ƙarya kake, munafuki.”

Muna fita unguwa Baba ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, “Ɗan matsa dama.” Orval ya matsa, bai daina labari ba. Can gaba Baba ya ce, “Motar shara a gabanka, tana tsaye. Kewaye ta.” Muka kewaye. Da muka iso babban titi Orval ya taka birki, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai dubi hagu ba bai dubi dama ba. Fuskarsa a ɗage take kaɗan, kamar mai jiran wani abu daga sama.

“Zauna,” in ji Baba. “Zauna. Zauna.”

Wata babbar motar auduga ta wuce, iskarta ta girgiza mu.

“Fito.”

Muka tsallaka. A shagon Darlene na lura Baba ya zuba wa Orval madara a kofi, ya juya kofin har mariƙin ya taɓa yatsunsa. Na lura Orval ba ya gaida kowa da suna sai mutum ya fara magana. Kwana uku ina gani, ban ce komai ba. Ni ma ’yar ubana ce.

Rana ta huɗu da yamma na biya makaranta. Ran Alhamis Baba ke jan layuka, don wasan Juma’a. Ban same shi a fili ba. Yana tsugune a bakin ƙofa, gaban turken da yara ke jingina in suna jiran bas. Turken ya karkace, fentinsa ya karce daga ƙasa har tsayin gwiwa.

“Baba, Kawu Orval ba ya gani.”

Bai juyo ba. “Yana ganin gefe-gefe. Tsakiyar ce ta tafi.”

“Likita ya sani?”

“Bai koma ba tun Fabrairu. Ya ce in ya koma za su karɓe masa lasisi.” Ya shafa turken da babban yatsa. “Na ɗauka safiya kawai yake fita, in ina ciki. Ɗazu da na sauka na ga farin fenti a gaban motarsa. Fentina ne, Auta. Na san fentina.”

Ashe Orval yakan zo shi kaɗai da la’asar, ya faka bayan shinge ya sauke gilas yana sauraron yara suna atisaye. Jiya da ƙarfe huɗu ya zo. Bas na tashi uku da rabi.

“’Yar gidan Ybarra a nan take zama,” in ji Baba. “Ƙafarta a nan take miƙewa.”

“Sai ka faɗa masa.”

“Motar nan ce ta rage masa. Jolene ta tafi, gona ta tafi.” Ya yi tari, ya miƙe da ƙyar. “In na karɓe, me zai yi da safe?”

Na riƙe masa bakin igiya, ya ja layin ƙarshe. Sai da muka gama ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Gobe ki shirya da wuri. Mu za mu je masa.”

Shida da kwata muka taka zuwa gidan Orval. Yana bakin mota yana lalubar ƙofa da makulli, karen na zagaye shi.

“Waye? Isidro? Yau kuma matarka ta kore ka tun kafin hon?”

“Ba ni makullin, Orval.”

“Ka ce me?”

“Ka bugi turken makaranta shekaranjiya. Ba ka ma san ka buga ba, ko?”

Orval ya daina lalubar ƙofa. “Na ji wani abu. Na ɗauka dutse ne.”

“Inda yara ke zama ne.”

“Ba kowa a wurin.”

“Ya aka yi ka sani?”

Orval ya jingina da motar, ya damƙe makullin a tafinsa. Wuyansa ya yi ja.

“To mu gyara,” in ji shi. “Na bar fitar la’asar. Safiya kawai, kana gefena. Wata takwas muna yi, ko kaza ba mu taka ba.”

“A’a.”

“Isidro.”

“Ƙirjina ba shi da kyau, ka sani. Ran da tari ya sarƙe ni a bakin titin nan fa? An fara kwasar auduga, manyan motoci na wucewa kamar ruwa. Ba za ka ƙara tuƙi ba. Yau zan kira ’yarka Renee a Houston in faɗa mata, Litinin kuma ni zan kai ka wajen likita.”

Orval ya yi wata ’yar dariya mara daɗi. “Ikon Allah. Yau kake da baki.”

Karen ya kwanta. Wata mota ta wuce a titin baya. Baba ya cire hularsa ya riƙe a gabansa, kamar yadda yake yi a majami’a.

“Ranar wasan nan ba ni da shi,” ya ce. “Na gan su sarai. Na san zama ya kamata ka yi. Sai kuma na hango hanya ta hagu kamar za ta buɗe, na ce in na ce zauna alhali da ka fito da ka kai har can, gari zai ce ɗan lebura ya hana Orval Tackett suna. In na ce fito aka kayar da kai, ni ne. Ina cikin wannan lissafi ƙwallo ta shiga hannunka.”

“Ai ina wurin.”

“Na sani.”

“Na jira ka. Na ƙirga ɗaya, biyu. Ban taɓa jiran abu haka ba.” Orval ya goge baki da bayan hannu. “Ban taɓa sanin dalili ba dai. Na ɗauka tsoro ne ya kama ka.”

“Tsoron ne.”

“Hanyar hagun, da gaske akwai ta?”

“Babu. Ta rufe nan take.”

“To na gode wa Allah, da baƙin cikin ya yi yawa.” Ya juya fuskarsa wajen da nake tsaye, ya ɗan kauce ni da kaɗan. “Auta, kina nan? Ubanki a lokacin nauyinsa bai kai buhun iri ba. Kakanki a gonar ubana yake aiki. Da na ce Isidro bai yi kira ba, da ƙarshen wata ba su cikin ɗakunan nan. Ni kuwa ɗan mai gona ne, sai dai a yi mini dariya. Na ce ai kafin Kirsimeti sun manta.” Ya girgiza kai. “Mutanen Dunlow. Ba su da abin yi.”

“Me ya sa ba ka taɓa tayar mini da maganar ba?” in ji Baba.

“Kai me ya sa?”

Orval yana juya makullin tsakanin yatsunsa. Akwai wani ɗan zoben roba a jikinsa mai siffar ƙwallo, wanda Jolene ta saƙala masa, ya koɗe har ba a gane launinsa.

“Faɗa mini yadda kake faɗa wa yaran,” ya ce.

“Orval, mutane na barci.”

“Ban ji ka ba. Da wa kake raɗa?”

Baba ya dube ni, kunnensa ya yi ja. Sai ya ja numfashi ya kwarara, da muryar nan da na sani a fili kawai, “Zauna! Zauna! Zauna!” Karen ya zabura ya yi haushi. Matar maƙwabci ta ɗaga labule.

Orval ya miƙa hannu, ya ɗan lalubi iska kafin ya sami na Baba, ya sa masa makullin a ciki. Bai saki hannun da wuri ba.

“Zoben nan nawa ne,” ya ce. “Ka cire mini shi in mun dawo.”

Baba ne ya tuƙa mu. Orval ya zauna a gefe, ya naɗe hannu a ƙirji, bai yi minti biyu ba ya fara.

“Tafiya muke ko an faka?”

“Talatin nake yi.”

“Kakata ta fi ka gudu, kuma da jaki take yawo. Ka riƙa canza mata giya da tausayi, ba injin yankan ciyawarka ba ce.”

A bakin babban titi Baba ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu. Orval ya juya fuskarsa wajen taga har muka tsallaka.

Ran Juma’a shagon Darlene cike yake, kowa na maganar wasan yamma. Dub Hensley, tsohon mai sayar da taki, wanda ya yi aji ɗaya da su kuma bai taɓa sa kwalkwali ba a rayuwarsa, yana teburin tsakiya da mutanensa. Ya gan mu ta taga tun muna fakawa.

“A’a, Maki Biyu ya yi direba. Ko nan ma ka fito ka koma ne?”

Aka yi dariyar da aka saba, wadda ba mugunta a cikinta sosai, shekaru sun goge ta. Orval ya buɗe baki zai rama kamar kullum. Baba ya riga shi. Bai zauna ba. Ya tsaya tsakiyar shagon da hula a hannu, ya bugi ƙirjinsa sau biyu.

“Ni ne ban ce ba,” ya ce. “Wasan saba’in da tara. Ban ce zauna ba, ban ce fito ba. Orval ya rufa mini asiri. In akwai mai maki biyu a garin nan, ga ni.”

Darlene ta tsaya da butar kofi a hannu. Dub ya dubi Baba, ya dubi Orval, ya sosa ƙeya.

“Isidro, shekara arba’in fa ke nan.”

“Na makara.”

“To ai…” in ji Dub. “Shi dai ya durƙusa ɗin.”

“Na durƙusa kam,” in ji Orval. “Kai kuma kana kan benci da kakaki kana hura wa ’yan mata. Darlene, ba mu kofi. Ki ba wa Auta wannan burodin mai kirfa, ubanta zai biya.”

Muka zauna a teburinsu na kusa da taga. Baba ya ɗauki madara. Ya zuba, ya juya kofin har mariƙin ya taɓa yatsun Orval.

Sunan bai bar Orval ba. Mutane sun saba, shi ma ya ce in aka kira shi Mista Tackett zai ɗauka daga asibiti ne. Likita ya ce idon dama ya riga ya tafi, na hagu ana iya riƙe abin da ya rage da allura kowane wata, Baba ke kai shi Lubbock. A-kori-kurar tana ƙofar gidanmu yanzu. Shida da rabi Baba ke zuwa ya yi hon a gidan Orval, sau biyu, don in ya yi sau ɗaya Orval cewa yake bai ji ba.

Agustan da ya wuce na kai wa Baba abinci a fili. Ya ajiye wa Orval kujerar roba a cikin gida, daidai inda mai cafewa ke tsayawa, an kifa masa tsohon kwalkwali a ka. Wani siririn yaro ɗan aji tara yana tsaye taku goma a gabansa, yana kallon abokansa suna tahowa a guje.

“Fito,” in ji yaron.

“Ka ji shi?” Baba ya tambaya.

“Na ji sauro,” in ji Orval. “Ɗan waye wannan?”

“Jikan Dub ne.”

“Haba, shi ya sa. Sake, yaro. Kakanka ma ya fi haka da kakaki.”